Katin Rigakafin Matafiyi: Ilimin Kimiyyar Da Ke Bayansa

Gabatarwa

Duk ma'aikacin da aka tura kwas ko taro a wata ƙasa, ko ɗan kasuwar da ya nufi Akara ko Kwatano saro kaya, ko maniyyacin da ke shirin sauke farali, yakan ba da ƙarfinsa wajen neman fasfo da biza da tikiti. Akwai kuma wata 'yar takarda mai ruwan ɗorawa wadda mutane da yawa ba sa tunawa da ita sai ana gobe tafiya, alhali kuwa rashinta kaɗai ya isa a juyo da mutum gida daga filin jirgin sama. Wannan takarda ita ce katin shaidar allurar rigakafi ta ƙasa da ƙasa, wanda matafiya suka fi sani da "yalo kad".

A watan Maris na shekarar 2012, hukumomin Afirka ta Kudu sun mayar da 'yan Nijeriya 125 gida daga filin jirgin saman Johannesburg, bisa zargin cewa katunansu na jabu ne. Nijeriya ta mayar da martani ta hanyar juyar da wasu 'yan ƙasar Afirka ta Kudu, kuma rikicin bai lafa ba sai da gwamnatin Afirka ta Kudu ta nemi afuwa. Abin tambaya a nan shi ne, me ke cikin wannan kati har da zai haɗa ƙasashe biyu faɗa? Wannan darasi zai yi ƙoƙarin amsa tambayar, ta hanyar bayyana cutar da aka yi katin dominta, da yadda aka samo allurar, da dalilan ƙa'idojin da aka gindaya, sannan da matakan da ya kamata matafiyi ya bi.

Mece Ce Cutar Shawara?

Da farko ya kamata ɗalibi ya rarrabe tsakanin abubuwa biyu. A Hausa, idan idanun mutum da fitsarinsa suka yi rawaya, akan ce yana da shawara. To amma wannan rawayar alama ce kawai ta cewa hanta ta taɓu, ko kuma ƙwayoyin jini na fashewa fiye da ƙima. Cututtuka da dama na iya kawo ta, kamar ciwon hanta da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da amosanin jini. Wadda ake magana a kanta a nan kuwa cuta ce guda, wato zazzaɓin shawara, wadda wata ƙwayar cuta ta jinsin bairas ke haddasawa, sauro kuma ke yaɗa ta.

Bayan sauro mai ɗauke da ƙwayar ya ciji mutum, sai an yi kwana 3 zuwa 6 kafin alamu su bayyana. Wannan tsakani shi masana ke kira lokacin ƙyanƙyasar cuta. Daga nan sai zazzaɓi da ciwon kai da ciwon baya da tashin zuciya su biyo baya, har na tsawon kwana 3 ko 4. Yawancin mutane daga nan suke warkewa, wasu ma ba sa ganin wata alama ko kaɗan. Sai dai wani kaso ƙalilan, bayan sun ji kamar sun samu sauƙi na kusan yini guda, sai ciwon ya dawo da ƙarfi. A wannan mataki ne hanta da ƙoda kan lalace, idanu su yi rawaya, jini ya riƙa fita ta baki da hanci, mai ciwon ya riƙa yin baƙin amai. Kimanin rabin waɗanda suka kai wannan mataki suna rasuwa cikin kwana 7 zuwa 10. Har yau babu wani magani da ke kashe ƙwayar kai tsaye. Abin da likita ke yi shi ne tallafa wa jiki da ruwa da jini da kula da ƙoda, har jikin ya yi galaba ko cutar ta yi. Shi ya sa karin maganar nan da ke cewa rigakafi ya fi magani ta dace da wannan cuta ƙwarai.

Yadda Cutar Ke Tafiya

Sauron da ke yaɗa zazzaɓin shawara a birane shi ne wanda masana ke kira Aedes aegypti. Baƙi ne mai ɗigo-ɗigon fari a ƙafafu, kuma ya bambanta da sauron zazzaɓin maleriya ta fuskoki biyu. Na farko, da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma la'asar sakaliya, saboda haka gidan sauro na dare bai isa ya kare mutum daga gare shi ba. Na biyu, ya fi son yin ƙwai a cikin ruwan da ya taru a mazubi kusa da gidaje, kamar randa da tulu da duro da tsohuwar taya da gwangwanin da aka yar.

Asalin mazaunin ƙwayar cutar shi ne daji, inda take zagayawa tsakanin birai da sauron daji. Manomi ko mafarauci ko mai saran itace da ya shiga dajin, sauro na iya cizonsa ya ɗauko ta. Idan ya dawo gari, a cikin kwanakin farko na zazzaɓi jininsa cike yake da ƙwayar. Sauron gari ya cije shi, ƙwayar ta hayayyafa a cikin sauron na tsawon kwana goma ko makamancin haka, daga nan duk wanda ya ciza ya sa masa ita, har ƙarshen rayuwar sauron. Ke nan cutar ba ta wucewa daga mutum zuwa mutum ta gaisawa ko tari ko cin abinci tare. Abubuwa uku take bukata: mai ɗauke da ita, da sauron da ya dace, da jama'ar da ba ta da rigakafi.

A nan ne matafiyi ya shigo cikin lissafi. Sauro ba ya yin nisa da inda aka ƙyanƙyashe shi, amma mutum na iya tashi daga Kano da safe ya kwana a wata nahiya, ƙwayar na cikin jininsa shi bai sani ba.

Yadda Aka Samo Allurar

A shekarar 1881 wani likita ɗan ƙasar Kiyuba mai suna Carlos Finlay ya bayyana ra'ayinsa cewa sauro ne ke yaɗa cutar, amma ba a ɗauki maganarsa da muhimmanci ba sai a 1900, lokacin da ayarin Walter Reed na rundunar sojan Amurka ya tabbatar da haka ta hanyar gwaji. Amfanin wannan sani ya bayyana nan da nan a wajen haƙa mashigin ruwan Fanama. Faransawa sun fara aikin a 1881, suka watsar da shi a 1889, bayan zazzaɓin shawara da maleriya sun hallaka dubban leburori. Da Amurkawa suka karɓi aikin, likitansu William Gorgas ya sa aka rufe mazuban ruwa, aka malalar da kududdufai, aka sa raga a tagogi. Cutar ta kau, aka kuma buɗe mashigin a 1914.

Labarin allurar kanta kuwa daga Afirka ta Yamma ya faro. A cikin shekarun 1920 Gidauniyar Rockefeller ta kafa cibiyar binciken cutar a Yaba da ke Legas. A 1927 masu binciken suka ɗebi jinin wani mutum mai suna Asibi a ƙasar da a yau ake kira Ghana, wanda ya kamu da cutar amma ya warke. Suka yi wa wani irin biri da aka kawo daga Indiya allurar jinin, birin ya kamu. Wannan shi ne karo na farko da aka iya riƙe ƙwayar a ɗakin bincike. Aikin bai zo da sauƙi ba, domin a wannan shekarar Adrian Stokes, ɗaya daga cikin masu binciken, ya kamu da cutar ya rasu a Legas, haka kuma shahararren masani ɗan Japan, Hideyo Noguchi, ya rasu a Akara a 1928.

Daga baya Max Theiler, haifaffen Afirka ta Kudu mai aiki a birnin New York, ya riƙa rainon ƙwayar da aka samu daga jinin Asibi a cikin tsokar ɗan tayin ɓera, sannan ta ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, yana ɗauke ta daga wannan kwalba zuwa waccan fiye da sau ɗari. A garin haka ƙwayar ta saba da zama a kwalba, ƙarfinta na yi wa mutum illa ya dushe. A 1937 aka bayyana wannan raunanniyar ƙwaya da sunan 17D, kuma saboda ita aka ba Theiler kyautar Nobel a 1951. Duk allurar shawara da ake yi a duniya a yau daga wannan tsatso ta fito. Ɗaya daga cikin 'yan wuraren da ke sarrafa ta domin amfanin duniya ita ce Cibiyar Pasteur da ke Dakar a ƙasar Sanagal.

Dalilin Kwana Goma Da Kwana Shida

Allurar dai ƙwayar cuta ce mai rai wadda aka karya wa lago. Idan ta shiga jiki sai ta hayayyafa kaɗan, dakarun jini su gane ta a matsayin baƙuwa, su ƙera sinadaran kariya da suka dace da siffarta. Bayan sun kawar da ita, wasu daga cikin dakarun kan zauna a jiki riƙe da kamanninta, ta yadda duk ranar da ƙwayar ta gaske ta shigo, za su far mata tun kafin ta kai ga hanta.

Wannan koyo yana ɗaukar lokaci. Bisa bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga kashi 80 zuwa 100 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa allurar suna samun kariya cikin kwana 10, sannan fiye da kashi 99 cikin ɗari cikin kwana 30. Saboda haka ne doka ta ce katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wanda aka yi wa a ranar 3 ga Maris, katinsa zai fara aiki ne a ranar 13 ga Maris. Wanda ya yi allura yau ya tashi jibi, yana da kati a hannu, amma ba shi da kariya a jini, ba shi kuma da hujja a gaban jami'in kan iyaka.

Haka nan dokokin lafiya na ƙasa da ƙasa sun ba ƙasa damar killace matafiyin da ya fito daga yankin cutar ba tare da ingantaccen kati ba, har na tsawon kwana 6. Mai karatu zai lura cewa wannan adadi ya yi daidai da iyakar lokacin ƙyanƙyasar cutar. Idan kwana 6 suka wuce mutum bai yi zazzaɓi ba, an samu natsuwa cewa bai zo da ita ba.

A da, katin yana aiki ne na shekara 10 kawai, sai a sake allura. Bincike ya nuna cewa allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa ga yawancin mutane, don haka tun daga ranar 11 ga Yuli, 2016, aka gyara dokar, katin ya zama na tsawon rai.

Don Me Ƙasashe Ke Tsanantawa?

Katin yana da manufa biyu: kare matafiyi daga cutar da ke inda za shi, da kare ƙasar da za shi daga cutar da zai iya kai mata. Nahiyar Asiya misali ce mai kyau. Akwai sauron Aedes aegypti birjik a Indiya da maƙwabtanta, ga jama'a ɗimbin yawa da ba su da rigakafi, amma ba a taɓa samun annobar shawara a can ba. Abin da ya rage kawai shi ne mai kai ƙwayar, shi ya sa Indiya ba ta wasa da wannan kati.

An ga haɗarin a fili a shekarar 2016. Annoba ta ɓarke a Luwanda, babban birnin Angola, tun a watan Disamba na 2015, ta tsallaka zuwa Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Wasu ma'aikata 11 'yan ƙasar Sin da ke aiki a Angola suka koma gida ɗauke da cutar. Allah ya kiyaye ba ta yaɗu a can ba. Allurar ta yi ƙaranci a duniya a wannan shekara, har ta kai a birnin Kinshasa an riƙa raba abin da ake yi wa mutum ɗaya ga mutum biyar.

Mu ma a Nijeriya cutar ba baƙuwa ba ce. An yi annobarta a tsaunukan Jos a 1969, da yankin Oju na Jihar Binuwai a 1986, da Jihar Oyo a 1987. An sa allurar cikin jerin rigakafin yara a 2004, inda ake yi wa jariri idan ya kai wata 9. Duk da haka cutar ta sake ɓulla a Jihar Kwara a watan Satumba na 2017, daga nan kuma aka riƙa samunta a jihohi daban-daban. Masana sun ce sai kimanin kashi 80 cikin ɗari na jama'ar wuri suna da rigakafi kafin a toshe wa annoba hanya.

Daga wannan bayani za a fahimci munin sayen kati ba tare da yin allura ba. Mai yin haka yana iya yaudarar jami'i, amma ba zai yaudari sauro ba. Ya jefa ransa cikin haɗari, ya jefa na mutanen da za shi wurinsu, ya kuma ja wa sauran 'yan ƙasarsa zargi a filayen jiragen sama.

Alhazai Da Allurar Sanƙarau

Katin ba na shawara kaɗai ba ne, yana da guraben rubuta wasu alluran. Mafi muhimmanci ga maniyyata ita ce ta sanƙarau. Arewacin Nijeriya na cikin yankin da ya miƙe daga Sanagal zuwa Habasha, inda sanƙarau kan tashi a lokacin rani. A annobar 1996 fiye da mutum 100,000 ne suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Ƙwayar sanƙarau, saɓanin ta shawara, tana wucewa ne ta numfashi da tari, kuma mutum na iya ɗauke da ita a maƙogwaro lafiyarsa lau. Cunkoson aikin Hajji kuwa wuri ne da irin wannan ƙwaya ke samun hanya. Bayan ɓullar wani nau'inta a tsakanin alhazai a 2000 da 2001, Saudiyya ta wajabta allurar da ke kare mutum daga nau'i huɗu na ƙwayar. Ita ma ana bukatar a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa, sai dai ba ta tsawon rai ba ce: shaidarta na aiki ne na shekara 3 ko 5, gwargwadon irin allurar da aka yi.

Matakan Da Matafiyi Zai Bi

1. A fara shiri da wuri. Kwana 10 shi ne mafi ƙaranci, amma wata guda kafin tafiya ya fi.

2. A je wurin da aka amince da shi, wato ofishin Sashen Lafiya na Tashoshi da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Akwai shi a manyan filayen jiragen sama, irin su na Malam Aminu Kano da na Abuja da na Legas. Tun daga 2019 aka koma amfani da sabon kati mai ɗauke da alamar da na'ura ke karantawa. Ana yin rajista da biyan kuɗi ta intanet, sannan mutum ya je da kansa tare da fasfonsa. Kada a ba ɗan kamasho.

3. A duba katin kafin a bar wurin. Suna da ranar haihuwa su yi daidai da na fasfo, a kuma tabbatar an rubuta ranar allura da lambar rukunin maganin, an sa hannu, an buga hatimi. Gyara ko goge-goge na iya ɓata katin.

4. A gaya wa ma'aikacin lafiya gaskiyar halin da ake ciki. Ba a yi wa jaririn da bai kai wata 6 ba, ko wanda cin ƙwai ke tayar masa da borin jini mai tsanani, tun da a cikin ƙwai ake rainon ƙwayar, ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ƙwarai. Mai ciki da mai shayarwa da wanda ya haura shekara 60 sai likita ya auna. Wanda bai dace a yi wa ba, likita kan ba shi takardar uzuri.

5. A binciki sharuɗɗan ƙasar da za a je da wadda za a ya da zango a cikinta. Ko ƙasashen ƙungiyar ECOWAS, irin su Ghana da Togo da Benin, inda ɗan Nijeriya ke shiga ba biza na kwana 90, yarjejeniyar 1979 ta ambaci takardar shaidar lafiya tare da takardar tafiya.

6. A ajiye katin tare da fasfo, a kuma ɗauki hotonsa saboda tsaro.

Ɗan zazzaɓi ko ciwon kai ko tsamin dantse na 'yan kwanaki bayan allura abu ne da aka saba gani. Haka kuma allurar ba ta kare mutum daga maleriya ko kwalara ko taifot, saboda haka gidan sauro da tsabtar ruwan sha suna nan daram.

Hanyar Aiki Ga Ɗalibai

A bayan wannan kati akwai ma'aikata iri-iri: jami'in lafiyar muhalli da ke kan iyaka, da ma'aikaciyar jinya mai yin allura, da masanin ɗakin gwaji mai binciken jini, da masanin ƙwari mai bin diddigin sauro, da masanin annoba mai lissafin yaɗuwar cuta, da injiniyan da ke kula da firiji, domin dole allurar ta zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salsiyas tun daga masana'anta har zuwa dantsen mutum. Irin waɗannan ma'aikata ake bukata a Cibiyar Binciken Likitanci ta Nijeriya da ke Yaba da Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa da ma'aikatun lafiya na jihohi. Ɗalibin da ke sha'awar ɗaya daga cikinsu sai ya dage da Bayoloji da Kimistiri da Fizis da Lissafi da Ingilishi tun daga aji huɗu na sakandare.

Aiki A Aji

Malam ya raba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, su zagaya harabar makaranta a lokacin damina, su ƙidaya duk mazubin da ruwa ya kwanta a ciki. Su ɗebo ruwan da ke da tsutsar sauro a cikin kwalba, su rufe bakin da ƙyalle mai shara-shara, su riƙa rubuta abin da suka gani kullum har sauro ya fito. Su duba ko yana da ɗigon fari a ƙafafu. Bayan an gama, kada a saki sauron, kuma a kifar da duk mazuban da aka gano.

Kammalawa

Mun ga cewa kowace ƙa'ida ta katin rigakafi tana da tushe a kimiyya. Kwana 10 lokacin da jiki ke bukata ne ya gina kariya, kwana 6 iyakar ɓuyan cutar ne a jiki, tsananin wasu ƙasashe kuma ya samo asali ne daga sauron da suke da shi da jama'arsu marasa rigakafi. Muna fata ɗalibai za su kai wannan bayani gida, ga iyaye da yayye masu shirin tafiya, su kuma tambaya ko an yi wa ƙannensu allurar wata 9.

Tambayoyi

1. Bayyana bambanci tsakanin shawara a matsayin alama da zazzaɓin shawara a matsayin cuta.
2. Kawo hanyoyi biyu da sauron shawara ya bambanta da sauron maleriya.
3. An yi wa wani ma'aikaci allura ranar 25 ga Afrilu, jirginsa zai sauka ranar 2 ga Mayu. Shin katinsa ya fara aiki? Nuna lissafinka.
4. Don me Indiya ke neman katin alhali babu cutar a ƙasarta?
5. Me ya sa allurar sanƙarau ta zama wajibi ga maniyyata?